Yadda Na Goya Jaka Har Nok

A gidanmu, duk hirar da aka fara, ko ta tsadar garin rogo ce, sai ta ƙare a kan ƙafafun Babanmu. Yana yaro, in ji shi, da ƙafa yake tasowa daga Nok zuwa makaranta a Kafanchan, akwatin katako a ka, ba takalmi. Duk shekara hanyar ƙara tsawo take yi a bakinsa, akwatin kuma yana ƙara nauyi, har na fara zaton nan gaba kaɗan za mu ji cewa da akuya a ciki. Idan ya gama sai ya dube mu, ni da ƙannena da aka haifa a kwatas ɗin reluwe, ya girgiza kai ya ce, "'Yan bariki. Ku ko kasuwa aka aike ku sai kun tsaya neman inuwa."

Dariya nake yi in ya faɗa, amma maganar tana cina a ciki.

Ina aji uku na sakandare samarin majami'armu suka shirya tafiyar ƙafa a hutun Ista. Za a tashi daga Kafanchan, a bi ta Kagoma da Kwoi, a riƙa kwana a majami'un hanya, a yi sujadar Lahadi a Nok, inda Kakata take. Shugaban samari wani malamin firamare ne, dogo, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba. Ticha muke ce masa. Dokarsa ɗaya ce: kowa da kayansa a bayansa. Wanda ya gaza, ko aka kama wani yana ɗaukar masa kaya, a Kwoi za a sa shi a bas ya koma gida.

Da na nemi izini, Baba bai ko ajiye rediyonsa ba. Ya ce, "Je ka. Bas ɗin Kwoi ba ta da tsada." Ƙannena suka fashe da dariya. A ranar na yi wa kaina alkawari cewa da ƙafata zan shiga gidan Kaka, da kayana a bayana, ko da rarrafe ne.

Sai maganar jaka. Mama ta ba ni kuɗi ta ce in je wurin Alhaji mai gwanjo, wanda rumfarsa ke bayan tashar jirgi. Iyayensa da kakanninsa duk 'yan kasuwar Kafanchan ne, shi kuma ya san Baba tun kafin a haife ni. Na tarar sun buɗe sabuwar dila, jakunkunan baya a zube kan tabarma, suna warin ƙasashen da ban taɓa zuwa ba.

Idona bai wuce ɗaya ba. Ja ce, jawur, da zif ta ko'ina, aljihu a kan aljihu, wani aljihun ma yana da nasa ƙaramin aljihu a ciki. Tsayinta daga ƙeyata zuwa bayan gwiwa. Da an sa ƙanena a ciki, da ya samu wurin miƙe ƙafa, har ya karɓi baƙo.

Alhaji ya ga inda nake kallo. Ya ɗauko wata ƙarama, ruwan toka, ta koɗe, da maratayai masu faɗi cike da soso, da wani bel mai kauri yana reto a ƙasanta.

"Ɗana, gwada wannan."

"Haba Alhaji, wannan ai ta mai gyaran rediyo ce."

"Waccan kuma ta mai ƙaura ce. Ƙaura za ka yi?"

"Nok za ni."

"To me za ka kai Nok, tashar jirgin?"

Na rataya jar jakar. Maratayanta sirara ne kamar igiyar guga, ba ta da bel, amma da na leƙa madubin tela na gefen rumfar, sai na ga wani mutum da ya dace a ɗauke shi hoto. Alhaji ya ja maratayin da yatsa biyu, ya sake shi, ya dubi kafaɗata.

"Ka gwada ta da kaya tukuna. Bari in zuba maka wandunan nan a ciki ka zaga kasuwa ka dawo."

Na ce sauri nake yi. Ya ɗaga hannu ya ce, "Kuɗinka ne, bayanka ne. Ka gai da Babanka."

Kuskurena na farko ke nan, kuma ba shi ne babba ba. Kayana duka, wato bargo, riga biyu, wando, kwano, cokali, gari da ƙuli, ba su cika ko rubu'in jakar ba. Da haka aka tafi, da ƙila na sha. Babban kuskuren shi ne na goya ta wayam na zaga kwatas da ita, layi layi, ina gaishe da mutanen da ban taɓa gaisarwa ba, don dai a gan ni. An kuwa gan ni.

Rabin mutanen layinmu 'yan ƙasar Jaba ne da Kagoma. Aiki ya riƙe su a Kafanchan, kuɗin mota ya hana su zuwa gida sai an yi rasuwa ko Kirsimeti. A wurinmu, idan mutum zai tafi ƙauye, ba shi kaɗai zai tafi ba, da saƙon kowa yake tafiya. Yaro kuma ba ya ce wa babba a'a. Hanyar tsira ɗaya ce, a ga jakarka ta cika da ido. Abokan tafiyata duk sun san haka, shi ya sa kowannensu ya ɗura kayansa a ƙaramar jakar makaranta har zif ya ƙi rufuwa. Ni ma na san al'adar. Madubin tela ne ya mantar da ni.

Ranar Lahadi aka yi sanarwa a majami'a. Kafin mu gama cin abincin rana an fara sallama a ƙofarmu.

Wadda ta fara zuwa maƙwabciyarmu ce, ta cikin matan zumunta na majami'a, da ƙullin gishiri kamar kan jariri. "Yarona, ka kai ma 'yar'uwana a Kwoi. Gidansa yana bakin hanya, ba wahala." Kafin in buɗe baki ta tura hannu cikin jakar har kafaɗa, ta lalubo gindinta, ta juyo ta ce wa Mama, "Kai, akwai wuri sosai!"

Wannan maganar ta zaga kwatas da ƙafarta. Sabulun wanki sanda sanda. Batiran tocila. Busasshen kifi. Gilashin fitila nannaɗe cikin tsohon siket, da gargaɗin in ya fashe kada in dawo garin. Kwalbar maganin ciwon gwiwa. Takalman roba na wani tsoho. Kowa da kwatancensa: gidan da ke bayan bishiyar ɗorawa, gidan mai baƙin kare, gidan da aka yi biki bara. Ina kallon Mama ko za ta cece ni, ita kuwa sai "Ba komai, zai kai" take cewa, tana ba su kujera.

Na ƙarshe wani dattijo ne, maƙeri a shagon gyaran jirgi, ɗan garinmu. Ya zo da ƙarfen garma, ba ƙota, wanda ya ƙera da hannunsa don ƙanensa a Nok, saboda damina ta kusa. Ya riƙe shi kamar littafi. Da ya sa a jakar, sai da ƙasa ta amsa.

Baba yana zaune a kan kujerarsa ta zaure, yana kallo. Na ga dai kumatunsa suna motsi.

Ranar Juma'a da safe muka tashi da waƙa. Mutum biyu ne suka ɗora mini jakar. Har muka fita gari ina kan gaba, ina jan waƙar, ina ɗaga wa masu keke hannu. Wajen inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara, muryata ta sauka. Can gaba kaɗan na koma tsakiyar layi. Kafin rana ta take, ni da Ticha ne a baya, shi kuma don aikinsa ne ya kasance na ƙarshe.

Ban san igiya tana da haƙora ba sai ranar. Maratayan nan suka nutse cikin kafaɗuna suna neman ƙashi. Jakar tana ja na baya, ni ina ja gaba, gindinta yana dukan bayan cinyoyina da kowane taki, garmar kuma ta sami wani wuri a ƙugu ta zauna da bakinta. Hannuwana suka mutu. Na riƙa sa manyan yatsu ƙarƙashin maratayan, in sun gaji in cire, in sa ganye, in sa hankici. Zafin watan Ista ne, wanda iska ba ta motsi, mangwaro na faɗowa da kansa a bakin hanya, ni kuwa ko sunkuyawa in ɗauka ba na iyawa, don in na sunkuya ba mai tashe ni.

Abin da ya riƙe ni shi ne lissafi. Na ce a raina, duk saƙon da na kai, nauyi ya ragu. A Kagoma zan sauke sabulu da batira da takalma. Kafin Kwoi jakar za ta rame.

Gidan farko a Kagoma, tsohon mai takalman roba ya sa su nan take, ya zaga tsakar gida da su, yana tambayata lafiyar ɗansa, da matar ɗansa, da jikoki ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ban san an haifa ba. Aka ba ni kunu mai sanyi na sha. Na miƙe ina jin daɗi, sai ga matarsa da ƙwaryar busasshiyar citta.

"Ka kai masa. Ka ce mun gani, mun gode."

Ta buɗe jakar da kanta. Ta ce akwai wuri.

Haka aka yi a kowane gida. Na sauke batira biyu, aka ba ni gyaɗa. Na sauke sabulu, aka ba ni acca. Wanda na kai wa gilashin fitila, abin da ba shi da nauyin komai, doya ya ba ni, irin doyar da ake nuna wa baƙi. Ba wanda zai karɓi saƙo daga ɗansa na birni ya bar ɗan aike ya tafi hannu wofi, don kada a can a ce gida an lalace. Ni kuma bakina bai iya cewa komai ba sai "Za su ji."

Abokina, ɗan direban jirgi, wanda jakarsa ba ta fi burodi girma ba, ya rage tafiya har na iso shi. Ya yi ƙasa da murya.

"Ba ni doyar in sa a riga. Ticha ba zai gani ba."

"Doyar nan a riga? Sai dai a ce ciki gare ka."

"To jefar da ita."

"Mai ita zai tambaya."

"Ka ce ɓera ya cinye."

Na yi dariya har kafaɗa ta tsananta. Amma ban ba shi ba. Ticha yana bayanmu kamar inuwa, kuma ko ba ya nan, ni zan sani.

Washegari muka shiga Kwoi, sauran suna zaune a inuwar majami'a sun daɗe da hutawa. Ticha ya ce in tuɓe riga. Rigar ta ƙi fita ta daɗi, ta manne. Ya dubi kafaɗuna, layi biyu jajaye, fata ta saluɓe. Sannan ya nuna mini tasha da haɓa. Ga bas tana lodi, yaron mota yana kiran Kafanchan.

"Ka yi ƙoƙari. Amma ba zan kai wa Mamanka gawa ba."

"Ticha, saura kaɗan."

"Saura tudu. Da wannan igiyar ba za ka kai ba."

Na roƙe shi ya bar ni in kai gishirin maƙwabciyarmu tukuna, tun da gidan yana kusa. Ya ce in je, zai biyo ni, don ya san halina.

'Yar'uwar maƙwabciyarmu mace ce gajera mai ƙarfi, tana shanya citta a tsakar gida, da jariri a baya. Ta karɓi gishirin ta yi godiya. Da na juya zan sake rataya jakar, ta ga kafaɗar, ta yi salati irin na matan majami'a, ta kira sunan Yesu har sau biyu.

"Wane ne ya ɗaura maka kaya a kan ciwo? Kai ba ka ga yadda ake goyo ba?"

Na ce mata an ce in hau mota.

Ta dube ni, ta dubi Ticha da ke tsaye a ƙofa. Ta shiga ɗaki ta fito da tsohon zani da majanyi. Ta zazzage jakar a kan tabarma, ta naɗe garmar cikin bargona ta jingina ta inda za ta kwanta a bayana, doya a gefenta, ƙananan kaya a sama. Ta ce in sunkuya. Na sunkuya kamar mai jego. Ta ɗora mini jakar, ta shimfiɗa zanin a kanta, ta zagayo da bakinsa na sama ta ƙarƙashin hammatana ta soke a ƙirji. Zanin ya zame. Ta sake sokewa, ya sake zamewa.

"Kai, ba ka da abin riƙe zani," in ji ta. Matan gidan suka kwashe da dariya, har jaririn ya farka.

Sai ta ƙulla shi ƙulli sosai. Ta zura majanyin ƙarƙashin gindin jakar, ta ja shi da ƙarfi ta ɗaure mini a ƙugu, har numfashina ya fita. Ta zame maratayan daga kafaɗuna suka koma reto.

"Tashi."

Na miƙe. Nauyin yana nan, bai tafi ko'ina ba, amma ya sauka daga kafaɗa ya zauna a ƙugu da ƙafafu. Jakar ta daina dukana, ta lafe. Na taka, ta biyo ni. Hannuwana suka fara dawowa da tsikari.

Na dubi Ticha. Ya zaga ni sau ɗaya, hannu a baya.

"Kayansa suna bayansa," ya ce, kamar yana karanta sanarwa. "Ban ce da me za a ɗaure ba." Ya juya da sauri ya fita. Ina da yaƙinin dariya ya je yi a waje, amma ba ni da shaida.

Zanin kore ne, da zanen manyan kaji. Da shi na fito gaban samarin majami'armu.

Abin da ya biyo baya, ko maƙiyina ba na yi masa fata. Wani ya faɗi ƙasa yana dukan turɓaya. Abokina ya zo ya leƙa bayana a hankali ya ce, "Barka da arziki. Mace ko namiji?" Aka canja waƙar tafiya aka koma ta rarrashin jariri. Masu babur suna rage gudu su gaishe da mai jego. Wata tsohuwa da itace a ka ta tsaya ta tambaye ni ko yaron yana shan nono sosai. Na ce mata doya yake ci.

Da farko kunya ta fi kafaɗar zafi. Amma tudu yana kashe dariya. Da muka bar titi muka kama ƙaramar hanya, kowa ya koma kan numfashinsa, aka manta da ni. A nan na samu shiru na yi tunani, abin da ban saba ba.

Matan da muke wucewa duk haka suke tafiya, ɗa a baya, kaya a ka, gajeren taki, ƙugu na aiki. Tun da aka haife ni nake ganinsu, ban taɓa tambayar yadda suke yi ba. Mama ta goya mu mu biyar, tana daka, tana wanki, tana zuwa kasuwa, kuma ban taɓa jin ta zauna da yamma tana ba da labarin nisan da ta yi ba. Na kuma tuna tsohon nan yana zaga tsakar gida da takalman roba. Ni dai na ɗauka wahala aka ɗora mini. Su kuwa a Kafanchan, wannan ƙullin shi ne zuwansu gida na bana. Wannan tunanin bai rage ko gyaɗa ɗaya daga nauyin ba, amma na daina zagin masu ba ni saƙo a zuci, ban da mai doya.

Hadari ya haɗu a gabas, iska mai ƙamshin ƙasa ta taso, ba a yi ruwan ba. Duwatsun Nok suka fito. Ni ne na ƙarshe da ya shiga garin, ni da Ticha, amma da ƙafata na shiga.

Kaka tana tsinke ganyen miya a ƙofar gida. Ta ɗaga kai ta ga zani mai kaji yana tahowa da ƙafafun namiji. Ta daɗe tana kallo kafin ta gane ni. Ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta kwance majanyin da kanta, ta tallabi jakar ta sauke kamar mai barci ne a ciki, ta ɗauko man kaɗanya ta shafa mini a kafaɗa. Ƙanen maƙerin ya zo ya karɓi garmarsa, ya ƙwanƙwasa ta da farce ya kara a kunne, ya yi murmushi. Ni kuwa an ce da lomar tuwon acca a hannu na yi barci.

Bayan sujadar Lahadi duka muka dawo a mota, haka aka tsara tun farko. Labarin zanin ya riga ni isa kwatas. Ƙannena sun tare ni da tawul a ɗaure a ƙirji. Na raba citta da gyaɗa da acca gida gida, na kai doya inda za ta, na dawo na tarar da Baba a zaure. Na shirya wa tsiyarsa, har na tanadi amsa.

Ya kashe rediyo. Ya ce in zauna.

"Bayan Kagoma, akwai wani rafi da ake tsallakawa a kan itacen giginya. Kun bi ta nan?"

Na ce mun bi, amma yanzu kwalbati ne.

"Tsamiyar da ke kan tudu kafin Kwoi fa? Inda mata ke sayar da kunu?"

"Tana nan, Baba. Ba masu kunu. Mai faci ne a wurin."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya tambayi wani dutse mai kama da turmi, na ce na zauna a kansa. Ya tambayi wata majami'ar ciyawa, na ce ta zama ta kwano. Haka muka bi hanyar tare, daga bakin gari har ƙofar Kaka, shi yana tambaya ni ina amsawa, kuma a karon farko ban ƙara gishiri a ko ɗaya ba. Wani wurin ya gyara mini, wani wurin ni na gyara masa, ya yarda. Mama ta kira mu cin abinci, ya ce ta rufe tukuna, ba mu kai Kwoi ba.